Jinin Matsoraci

"...Lahiya lau, in ban da ganinka da ya ƙara mini ciwon kai. Ina ka baro gemunka?"

"Gemu yana hanya, Habboba. Ya ƙarfin jikin?"

"Ga shi nan an shanya kamar kilishi. Ajiye kwanon ga kada ka zubar, hannunka rawa yake."

A ɗakin mata na wani asibiti a garin Suki aka yi wannan gaisuwar, da hantsi. Iya Hannatu ce kwance a gadon ƙarfe kusa da taga, jikanta Bilyamin, mai kiranta Habboba, wato kaka da Larabcin yankin, yana tsaye a kanta da kwanon kunu. Daga ƙauyensu na bakin kogi aka kawo ta. Zazzaɓin sauro ya kayar da ita bayan damina, ya tafi ya dawo, har tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Tun da yaƙi ya ratsa yankin asibitin ba ya ajiye jini, don babu wutar da za ta riƙe firij. Duk mai majinyaci shi zai kawo wanda zai ba shi. An gwada na maƙwabtan da suka rako ta, bai dace ba. Na Bilyamin ne ya dace, shi kuwa duk girmansa ko allurar zazzaɓi sai an danne shi. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta, kuma ba su taɓa gama magana ba tare da wani ya tsokani wani ba.

"An ce wai kai za ka ba ni jini," in ji tsohuwar.

"Haka likita ya ce. Ya ce duk Suki babu jini mai kyau irin nawa."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Cewa ya yi babu wani. A rashin farin wata ne tauraro ke haske."

"To ki gode wa tauraron mana."

"In gode wa wa? Kai da ranar layya, wuƙa tana taɓa wuyan rago ka riga ragon faɗuwa? Mutane suka bar fiɗa suka koma yi maka fifita."

"Rana ce ta buge ni."

"A gindin dogon yaro? Wace rana ce ke bin mutum har cikin inuwa ta buge shi, in ba ta tsoro ba?"

"Ni dai na gargaɗi likita ya yi a hankali. Zuba jinina a jikinki kamar zuba man jirgin sama ne a tsohon injin ban-ruwanmu. In kika tashi kika tsallake katangar asibiti, ba ruwana."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, yaro. Jinina ya tsinci auduga tun ba a haifi ubanka ba. Naka mi ya taɓa yi? Shan shayi da latsa waya. In aka zuba mini shi, gobe ka same ni a bakin titi na karkace ɗankwali ina 'ya zol, ya zol', Hausa ta gudu, Larabcin bai zauna ba."

"Ai gara haka. Ko kya huta da faɗa da kajin mutane."

"Kajin sun fi ka amfani. Su ko ba komai suna ƙwai."

Bilyamin ya yi dariya, ya juya zai jawo kujera, sai ya ga gadon da ke kusa da nata babu kowa, an naɗe katifar an jingine. Jiya wata mai jego ce a kai, yarinya siririya da ta yi ta dariyar faɗansu tana riƙe da ciki.

"Ina maƙwabciyarki? An sallame ta?"

Iya Hannatu ta daɗe tana kallon rufi.

"Da asuba aka fita da ita. Mijinta ya zaga gari neman mai ba ta jini. Ya samo, amma kafin su iso an rufe mata fuska. Jaririn yana wajen masu jinya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Allah ya jiƙanta. Ba ta kai shekarunka ba."

Ƙuda ya sauka a bakin kwanon kunu, babu wanda ya kore shi. Can sai ga Mu'minat, malamar jinyar ɗakin, wadda ita ma Bahaushiya ce daga wajen Rusairis.

"Bilyamin, taso. Mai ɗiban jini yana jira. An tayar da janareta, kuma man da ke ciki ba zai kai mu la'asar ba."

Bilyamin ya miƙe yana goge zufar tafin hannunsa da jallabiya.

"Zauna," in ji tsohuwar. "Ɗiyata, je ki gaya wa likita na ƙi."

"Ke da ba ki taɓa ƙin kyauta ba?" in ji Bilyamin. "Ko sadakar makaho aka miƙo miki sai kin karɓa."

"Wagga na ƙi ta. Ba ni son jinin matsoraci. Na yi rayuwata ban ji tsoron kowa ba, sai da tsufana ka sa in riƙa gudun ƙadangare?"

"Tsoron ba a jini yake ba, a ƙafa yake. Ƙafar kuwa ba zan ba ki ba."

"Na ce ba ni so."

"Ko kishi kike, kada a ce mijinki ya fi ki lafiya?"

"Miji! Ganin kitse ake wa rogo. Mijin da iska ke kaɗawa? In aka cire maka kofi guda sai a naɗe ka a tabarma a mayar gida."

"To a naɗe ni. Ke dai ki tashi."

"Bilyamin."

Ba ta saba kiran sunansa ba. Kullum ɗan nema ne, ko mijin banza. Ya dube ta, ya ga babu wasa a fuskarta.

"Ba a zuba sabon ruwa a fasasshen tulu," ta ce. "Ni na ci rabona, na ci na wasu. Ƙasar ga ta sha jinin Nasir ina kallo, ya ishe ta. Kai kaɗai ne namiji a gidansa. Dawa ta nuna a gona, uwarka da ƙannenka bakinsu yana hannunka. In suka tsotse ka ka kwanta, wa zai yanke? Ka ajiye abinka."

Nasir shi ne mahaifin Bilyamin, ɗanta na fari. Ranar da mutanen ƙauyen suka gudu daga harbe-harbe, harsashi ya same shi a cinya. Aka ɗora shi a amalanken jaki, jini yana ta zuba, babu asibiti gaba babu baya. A kan cinyar Bilyamin ya cika, Iya Hannatu tana tafe a gefen amalanken riƙe da ƙafar ɗanta. Tun da suka dawo gida ba su taɓa tayar da maganar tsakaninsu ba.

Bilyamin ya durƙusa a gefen gadon.

"Ranar ban faɗi ba, Habboba."

"Na sani."

"Jininsa ya jiƙa mini riga har wando, ban faɗi ba. Da akwai mai cire nawa ya zuba masa, da na miƙa hannu biyu. Babu. Yau akwai, kuma ki ce in koma gida da abina?"

Tsohuwar ta cije leɓenta na ƙasa.

"Iya," in ji Mu'minat a hankali, "abin da za a ɗiba ba zai kwantar da shi ba. Ya ci, ya sha, ya huta yau da gobe, jiki zai mayar. Ke ce ba ki da na jira."

Bilyamin ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya.

"Kuma kada ki ɗauka don ke zan yi. In kika tafi na zama gwauro, kuma duk yankin nan babu mai aurena saboda sunan da kika ɓata mini. Kin bi gida-gida da labarin ragon layya. Ki tashi ki gyara ɓarnarki tukuna."

"Ɓarnar da ka yi da kanka, a gaban liman?"

"Ko ma wa ya yi. Ba ki da izinin mijinki, ba inda za ki."

Ta juya fuska ga bango.

"Je ka. In ka faɗi kada a kawo mini kai, gadon ga na mutum ɗaya ne."

Ɗakin ɗiban jinin ƙarami ne, yana warin magani. Bilyamin ya kwanta a benci mai shimfiɗar leda, aka ɗaure masa dantse da roba. Da ya hango allurar sai ya ga kamar basillar ɗinkin buhu ce. Ya runtse ido, ya kama karanta duk surar da ta zo bakinsa, yana haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Ya ji tsinin ya shiga, ya saki ƙara guda, sannan ya yi shiru yana damƙe hannu yana saki kamar yadda aka ce ya yi. Kunnensa ya toshe, gumi mai sanyi ya keto masa, amma bai ce a cire ba. Da aka gama ya buɗe ido ɗaya ya ga ledar ta cika, baƙi-baƙi, tana kwance a kan ma'auni. Ya miƙe, ƙasa ta juya, ya koma ya zauna. Aka ba shi karkade, wato zoɓo, mai sukari, ya sha yana riƙe kofin da hannu biyu.

Sai bayan azahar, da aka gama awon jinin, ya dawo ɗakin yana dafa bango, auduga manne a gwiwar hannunsa. Mu'minat tana rataye ledar a ƙarfen da ke gefen gadon. Iya Hannatu ta bi shi da ido tun daga ƙofa har ya zauna, sannan ta sauke numfashi.

"Ga gwarzo ya dawo daga yaƙi. An ce an ji ihunka har Rusairis, mutane sun zaci madatsar ruwa ce ta fashe."

"Ba ihu ba ne, karatu nake."

"Wace sura ce ke da 'wayyo Inna' a cikinta?"

Mu'minat ta rufe baki da hannu ta fita.

Tsohuwar ta ɗaga ido ta dubi ledar.

"Wannan ne duka? Duk wagga hayaniyar a kan ɗan wanga?"

"Kaɗan mai albarka. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ko wannan ban tabbata za ki iya ɗauka ba."

Jinin ya gangaro ta siririn bututu, ya shiga bayan hannunta. Suka zuba masa ido su biyu, yana ɗiga a hankali.

"Na fara ji," in ji ta.

"Me kika ji?"

"Lalaci. Ga shi nan yana hawa ta hannuna. Na fara sha'awar barcin hantsi da tuwon da ban noma ba."

"Ki iya bakinki dai. Daga yau duk zagin da kika yi mini, jininki kika zaga."

"Dā ma nawa ne. Ni na ba ubanka, shi ya ba ka. Kayan aro ne ya dawo gidan mai shi."

"Ya dawo sabo. Da tsohon kika ba da shi."

Ta buɗe baki za ta rama, ba ta sami abin cewa ba. Wannan bai taɓa faruwa ba. A lokacin aka shigo da wata mata a kan tabarma, aka warware katifar gadon da ke kusa aka kwantar da ita, danginta suna tambayar juna wa zai je gari neman mai ba da jini. Likita ya biyo su, ya tsaya ya duba idon Iya Hannatu, ya ce wa Bilyamin da Larabci wannan zai riƙe ta, amma sai an ga yadda jikin zai karɓa, kuma wataƙila a nemi ƙari daga wani, don shi ba za a sake taɓa shi yanzu ba. Bilyamin ya ce Allah karim. Bai san wa zai nemo ba.

Tsohuwar ta ji komai. Ta miƙo hannun da babu allura, ta turo masa bakin mayafinta.

"Kwance ƙullin ga. Yatsuna sun ƙi."

Ya kwance. Ɓarin goro ne a ciki, ya bushe ya ƙanƙance.

"Goro? A wannan zamanin? Ina kika samo?"

"Na ƙarshe ke nan daga wanda aka kawo mini kafin hanya ta rufe. Na ce sai ranar da na tashi zan ci. Ungo."

"Ki ajiye ki ci abinki in kin tashi."

"Karɓi, kafin in tuna ko kai wane ne. Na yarda, ka ci wannan karon. Nasir bai bar mini matsoraci ba."

Bilyamin ya sunkuyar da kai. Ya kai goron baki ya gatsa, haƙorinsa ya yi ƙara.

"Kai! Ya bushe kamar mai shi."

Iya Hannatu ta yi dariya, ƙarama, har tari ya sarƙe ta. Ya tallafo kanta ya ba ta ruwa. Da ta koma ta kwanta sai ta riƙe masa yatsu da hannunta mai sanyi, ta rufe ido.

"Tsotsa ake yi, mijin banza. Zauna nan inda nake jin ka."