Murhuna da Tuwon Bikin Tsahara

Ba zan taɓa mantawa da bikin Tsahara ba, kuma ko na so in manta, matan Urafane ba za su bar ni ba.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga Tasawa ba, inda aka koya mana gina murhun laka mai cin icce kaɗan, aka ce mu je mu wayar da kan mata. To, na wayar da su har suka gaji da ganina. Bakin rijiya, gidan suna, wurin daka, duk inda mata suka taru sai ga ni da wa'azina: duwatsun murhun nan uku su suka cinye mana daji. (Har yau ban janye ba. Mace ta fita da sassafe neman icce, ta dawo rana tsaka da ƴan ƙirare, ga ma'aikatan gandun daji na kama mai gatari. Wannan kuma wace irin al'ada ce?)

Babbar abokiyar gardamata ita ce Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, uwar amarya Tsahara. Ƴar lakwal take kirana, wato ƴar boko.

"Ke ƴar lakwal, kakarki da duwatsu ukku ta ciyar da gidan ga."

"Gwaggo, kakata daji ta tarar. Mu mi muka tarar?"

"Baki kuka tarar," in ji ta, mata su kwashe da dariya. Ni ma ba na yin shiru, don Allah bai yi ni da haƙurin a kayar da ni ba.

Bari in gaya muku zancen hatsin bikin. Tun kakar da ta wuce Gwaggo ta zuba shi cikin randa ta liƙe bakin da laka. Gidan suka koma cin jar dawar taimako da kwaɗon tafasa, yara na kuka, ta ƙi buɗewa. Ta rantse dangin ango na Gidan Amumune ba za su koma gida su ce da jar dawa aka fitar da ɗiyarta ba.

Sai biki ya matso, icce ya gagara. Ɗan tulin da ta tara ba zai dafa tukunyar biki ba. Nan na samu ƙofa. Na ce da rabinsa zan dafa mata tuwo, har a rage na miya. Ta dube ni ta ce, "Hatsin ga shi ke nan hwa, ɗiyata. Babu wani." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ga inda na kwafsa. An koya mana a cuɗa lakar da ƙaiƙayi da kashin jaki, a bar ta ta kwana biyu ta jiƙu, a gina, a jira ya bushe sarai. Ni kuwa na sha lallen biki har wuyan hannu. In tsoma wannan hannun cikin kashin jaki? Haba! Na kwaɓa laka zalla da ruwa, na gina, na shafe shi sumul, na ce ranar garin nan ma ta isa ta busar da shi.

Ranar biki aka ɗora babbar tukunya. Wallahi kafin mata su gama gaisawa ruwa ya tafasa. Kaina ya kumbura. Aka yi talge, aka zuba gari, mata biyu ƙarfafa suka kama muciya. Ni kuma na hau kan turmi (turmi fa, a gaban surukai!) na gyara kallabi na fara jawabi.

"Ku duba da idonku! Ƴan itatuwa nawa muka sa? Wanga shi ne ci gaba, wanda bai yarda ba ya..."

Ban ƙarasa ba na ji ƙas! Gefen murhun ya tsage, ya zube. Tukunya ta karkace a hankali, masu tuƙi suka yi tsalle baya da salati, tuwon ya malale cikin toka da rairayi.

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Babu wanda ya yi. Tsofaffi suka durƙusa da mara suna kwasar na sama-sama, yara suka rufa a kan sauran suna ci da toka, suna ƙona yatsu. Ni ina tsaye kan turmi, hannuna a sama, na rasa yadda ake sauka.

Maƙwabta suka shiga gidajensu, kowace ta fito da abin da take da shi. Jar dawa ce. Ita aka tuƙa kan duwatsu uku, ita baƙi suka ci, suka yi godiya irin wadda ta fi zagi ciwo.

Da la'asar na ja ƙafa na je wurin Gwaggo. Na durƙusa a gabanta. Ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ruwan dai ya tahwasa da wuri, na gani." Sannan ta ƙara da cewa, "In an watse ki zo ki gina mini wani, ƙarami. Amma tuwonki za mu hwara tuƙawa a kai."

Na gina, ya zauna, ya yi shekaru. Don haka duk mai son gardama ya zo, ina nan kan bakana: murhun ba shi da laifi, kuma gaskiya tana wajena. Abin da na koya ɗaya ne: sabon abu, a kan tuwonka ake gwada shi, ba a kan na wanda ya yi shekara yana kwana da yunwa don ya adana nasa ba. Na ci gardama, ban musa ba. Amma Tsahara da jar dawa aka kai ta ɗaki, kuma ni na jawo.