Rasuwar Uwar Sanyi, Firizar Gidan Murja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, Malama Murja mai zoɓo ta Kurugu a ƙasar Ƙaraye tana sanar da 'yan uwa da masu sayen ƙanƙara rasuwar tsohuwar firizarta, wadda unguwa ta sani da suna Uwar Sanyi.

Marigayiyar ta shigo gidan tun tana fara sol, ta tsufa har tsatsa ta cinye mata gindi, ba ta taɓa kunyata uwar ɗakinta ba. Ta raini zoɓo da kunun aya, ta ɓoye naman layyar rabin unguwa ba tare da ta tona asirin kowa ba. Matan Fulani da ke kawo nono daga rugagen Zoza a cikinta suke ajiye abin da ya yi kwantai, washegari su ɗauka bai yi tsami ba. Ba ta da yawan magana. In an kawo wuta sai ta ce "ƙit", ta ɗora da "hmmmm" har a ɗauke.

Ajali ya same ta ranar da wuta ta zo da haukanta. Ta yi "gargar" sau ɗaya, kwamfuresa, wato zuciyarta, ta tsaya, shi ke nan.

Ta bar murfi mai lafiya, da kwanduna, da ƙanwa guda, wata ƙaramar firiza 'yar zamaninta. Ita ƙanwar injinta garau yake, gas ɗinta ne ya tsiyaye, kuma irin na da ne, wanda yanzu ko a birni sai an sha yawo. A cikin marigayiya kuwa yana nan cike. In ya salwanta, sana'ar Murja ta rufe, nonon matan Zoza kuma ya koma na zubarwa.

Malama Murja ta ji duk surutun da ake yi, wai a garin nan ba a kwana da gawa, ga ta nan ta ajiye tata a zaure mako da makonni. Ta kuma san wanda ya ƙirƙiro zancen: ƙanin mijinta Lukumanu, wanda ya kawo ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da zartonsa tun jikin marigayiya bai huce ba. Ta ga yadda 'yan gwangwan suke yi da firijin mutane. Su datse bututu don jan ƙarfen da ke ciki, gas ya yi "tsssss" ya bi iska, ya je ya ƙara mana zafin da muke kuka da shi. Ranar nan ba ta yi musu da kowa ba. Ta hau kan murfin ta zauna, ta ɗauko farantin gyaɗa tana ɓarewa, har ɗan gwangwan ya gaji da tsayuwa ya tura kurarsa. Tana so a sani ba ta ji kunya ba, kuma gobe ma haka za ta yi.

Jana'iza sai ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Nuruddeen mai gyaran firiji zai zo daga Rogo da injin zuƙa da tukunyarsa, ya kwashe gas ɗin tas, ya tace shi, ya ɗura wa ƙanwar. Bayan nan 'yan gwangwan su ɗauki ƙarfensu, Allah ya sa albarka.

Masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri da ruwan randa. Mai sanyi sai ranar sadakar uku, daga cikin ƙanwar, da numfashin yayarta. Kofin farko na Lukumanu ne, kuma a gaban jama'a zai shanye shi.