Ranar da Malam Ya Ga Kansa a Bango

Ba zan taɓa mantawa da dogon hutun da na shiga ajin koyon haɗa manhaja a Wuse ba, kuma ina jin Malam Sabo ma bai manta ba.

Da ƙyar Baba ya yarda in riƙa shiga bas daga Lugbe. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da aka kawo masa ƙarata, ranar na gama zuwa. Ban damu ba, don ni a aji ko tari ba na yi da ƙarfi. Aikina kallo. Na san Malam yana taɓa gilashinsa kafin ya ce "Kun gane ko?" Na san ba ya rabuwa da jan filas ɗin shayi, kuma takalminsa na hagu ya taɓa tsinkewa an ɗinke shi da baƙin zare.

Yaren kwamfutar da muke koyo na wani kamfani ne a ƙasar waje. An ba kowa aikin haɗa kalkuleta, na gama tawa da wuri, sai zaman banza ya ba ni shawara. Na haɗa wasa a ɓoye: wani ɗan mutum mai gilashi da jan filas yana bin tasi da gudu, yana tsallake kwata. Duk tsalle sai rubutu ya fito a kansa, "Kun gane ko?" In ya faɗi, takalmin hagu ya yi sama. (Baƙin zaren nan ya fi kalkuletar cin lokacina.)

Ana haka kamfanin ya turo labaransa ta imel, wai labaran lokacin zafi, alhali mu nan ruwa ake tsugawa. Malam ya ce kowa ya karanta. Na kuwa karanta, irin nawa karatun. Na ga hoton ma'aikatansu a bakin teku, na ga ɗaya ya sa safa kala biyu, na hango wutsiyar kare a bayan kujera. Wurin da suka ce sabuwar manhajar za ta riƙa tura duk aikin ɗalibi zuwa shafin malaminsa kuwa, na tsallake shi, don babu hoto.

Da muka dawo aji Malam ya sabunta kwamfutocin, ya haska shafinsa a bango.

"An kawo mana sauƙi," in ji shi. "Yanzu daga nan ina ganin aikin kowa. Sun kuma sa gasar ɗalibai, aiki ɗaya zan zaɓa."

Sunayenmu suka jeru, kowa da aiki ɗaya. Ni biyu.

"Hajiya shiru-shiru, har da ƙari? Mu gani."

Ya buɗe na biyun. Ɗan mutumin ya bayyana a bango, kusan tsayin Malam. Blessing, ƙawata 'yar Tungan Maje, ta zungure ni.

"Ke, wannan ba oga ba ne? Ga filas ma."

Malam ya danna, mutumin ya yi tsalle, rubutun ya fito. Sai Malam ya ɗaga hannu ya taɓa gilashinsa. Nan ajin ya fashe da dariya, ni kuwa fuskar Baba kawai nake gani. Malam ya ci gaba da wasan har mutumin ya faɗa kwata, takalmi ya yi sama, zarensa baƙi ƙirin. A hankali Malam ya sunkuya ya dubi ƙafarsa.

"Ki jira ni in an tashi," ya ce.

Da kowa ya fita na same shi da waya a hannu. Na riga na fara shirya abin da zan faɗa a gida.

"Tasin nan ba ta tsayawa," ya ce. "Kuskure ne ko mugunta?"

"Kuskure ne, Malam." (Rabi da rabi ne.)

"Wa ya koya miki sa abu ya tashi sama ya dawo? Ban kai ku nan ba."

"Gwadawa na yi ta yi."

"To gyara tasin, wasan nan za mu tura gasa. Amma ki sa mini sabon takalmi kafin duniya ta gan ni."

Na tsaya ina murza gefen hijabina. "Malam, Baba fa?"

"In ya iya tsallake kwata, ki kawo shi mu kara."

A bas ɗin Lugbe ranar har tagar da ke yoyo daɗi ta yi mini.

Yanzu duk labarin da kamfanin ya turo sai na karanta shi har ƙasa kafin in duba safar kowa. Malam ma ya sayi sabon takalmi. Na lura bai ɓanɓare takardar shago da ke ƙarƙashinsa ba, amma wannan karon a cikina na bar ta.