Makon Harafin O

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da muka kai harafin O, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta.

Muna da wani guruf a waya na masu tara tsofaffin kuɗi, wato sulalla da ƙwandalolin ƙasashen duniya. Ba mu da yawa, kuma akasarinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Wanda ya buɗe shi wani dattijo ne a Sakkwato, Alhaji Bello, tsohon ma'aikaci mai sanyin magana, wanda ya fara tara sulalla tun kafin a haife ni. Dokarsa ɗaya ce: kowane mako da harafinsa. Shi zai rubuto harafin, kowa ya ɗauki hoton kuɗin wata ƙasa da sunanta ya fara da shi, ya saka, ya faɗi abin da ya sani a kai. Makon A an ga na Aljeriya, makon C na Cadi, makon H wani likita ya saka na Habasha mai hoton zaki har muka yi kwana biyu muna maganarsa.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Illela, garin bakin iyaka, kuma duk abin da na mallaka a wannan harka sefa ne. A garinmu sefa ba abin nema ba ne, ko a gwangwanin mai shayi za ka same shi. Sai dai na lura da wani abu da na ɗauka basira ce: ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa duk ƙwandala ɗaya suke amfani da ita. Don haka makon B na saka ƙwandalar dala ashirin na rubuta Benin. Makon K na juya bayanta na rubuta Kodebuwa. Makon M na canza ƙyallen da nake ɗora ta a kai na rubuta Mali. Makon N ko ƙyallen ban canza ba. (Har yau ina nan a kan cewa ban karya doka ba.)

A guruf ɗin akwai wani ɗan garinmu, Garba, mai kai kaya Ƙonni yana dawowa da wasu. Shi ya raɗa mini suna Malam Sefa. Da abin ya tsaya a waya da na jure. Amma Garba mutum ne mai jama'a. Cikin mako biyu mai shayin bakin tasha ya fara ce mini Malam Sefa, sannan malaman makarantarmu, sannan wata rana na ji shugaban makaranta da kansa ya fara faɗa ya haɗiye rabi. Na ƙudura a raina cewa a harafin O zan binne wannan suna.

O harafi ne mai wuya. Duk wanda ya motsa a guruf na Oman ya saka. Ni kuwa, ina yawo a kasuwa, sai na tsaya wurin wani maƙerin fari da ke ƙera zobba da awarwaro. A kan tirensa, cikin tarkacen azurfa, na hango wata babbar ƙwandala. Na ɗauka. Nauyinta kaɗai ya isa ya gaya maka ba wasa ba ce. A gaba hoton wata mace mai ƙiba da lulluɓi, a baya gaggafa mai kai biyu, a gefenta kuma shekara: 1780.

Maƙerin ya ce, "Malam, in irin wanga kaka so, ai..."

Na ce, "Wannan ɗin kawai ya ishe ni."

Na katse shi ne don kada ya gane abin da yake da shi. Na biya abin da ya faɗa ban yi ciniki ba, na bar wurin da sauri. A hanya har istigfari na yi saboda na cuci bawan Allah da jahilcinsa, amma ban koma ba.

A gida na buɗe waya na bincika. Layin farko ya ce ta ƙasar Ostiriya ce, ta azurfa. Ostiriya, O ke nan. Ban karanta layi na biyu ba. (Ni ne wanda kullum ke gaya wa ɗalibai kada su yarda da labari sai sun ji shi daga majiya biyu.) Na naɗe ta a ƙyallen karammiski na kulle a akwati, ko matata Saudatu ban nuna wa ba. Na je kemis na sayo farar safar hannu, domin na taɓa ganin masu gidan tarihi haka suke riƙe kaya. Sannan na rubuta a guruf:

"Na samu na O. Shekarunsa sun haura ɗari biyu da arba'in. Ba zan saka hoto ba, domin hoto ba zai ba shi haƙƙinsa ba. Mai son gani ya zo Illela."

Ban zaci kowa zai zo ba. Sai ga amsar Alhaji Bello: zai zo ranar kasuwa insha Allah, dama yana son sayen albasa.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Na gayyaci Garba, don ya gani da idonsa. Na gayyaci shugaban makaranta. Na gaya wa maƙwabta biyu, su kuma suka gaya wa nasu maƙwabtan. Ranar, bayan azahar, na shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida, na fito da ƙaramin tebur, na jera sefa a gefe ɗaya don a ga daga inda na taso, na ajiye karammiskin a tsakiya a rufe. Na sa babbar riga. Na sa safar hannu.

Na yi jawabi. Ina da wata murya da nake sauya wa in ina son a ɗauke ni da muhimmanci, irin ta mai karanta labaran duniya, ita na yi amfani da ita. Na yi bayanin nahiyar Turai. Na ce lokacin da aka buga wannan ƙwandala ko jihadi ba a yi ba. Sannan na yaye ƙyallen a hankali.

Jama'a suka matso. Alhaji Bello ya sa tabarau ya duƙa ya duba, bai taɓa ba. Ya daɗe.

Ya ce, "Masha Allah."

Ya sake cewa, "Masha Allah. Malam, ko za mu ɗan shiga daga ciki, ni da kai, minti biyu?"

Nan take na gane nufinsa, ko in ce na ɗauka na gane: so yake ya taya ta a ɓoye kafin wani ya riga shi. Na yi murmushi na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba ta sayarwa ba ce." Na juya ga jama'a na ɗaga ta da yatsu biyu.

"Ku dubi yadda take, kamar jiya aka buga ta. Ina faɗa ba tare da shakka ba, daga Sakkwato har Ƙonni babu na biyunta."

Na dubi Garba. A karo na farko tun da na san shi bakinsa a rufe yake, kuma wallahi na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata malami ya ji.

A daidai nan Goggo Dije ta iso. Bafulatana ce daga wata ruga a wajen Lafani, ita ke kawo wa Saudatu nono da man shanu duk ranar kasuwa, shekara da shekaru. Ta sauke ƙwaryarta a bakin rumfa, ta gaida dattawa, ta ce mini, "Malam, yau suna aka yi ba a hwaɗa min ba?" Kafin in amsa idonta ya kai kan tebur.

"Af. Wa ta yad da liyarinta?"

Na ce, "Goggo, wannan ba kayan ado ba ne. Kuɗin Turawa ne na da can, tun kafin kakannin kakanninmu."

Ta ce, "Miƙo in gani."

Ba ta jira na miƙa ba. Ta sa hannu ta ɗauka, hannun da ta gama damun fura da shi. Ta goga babban yatsa a kafaɗar matar, ta ɗora ƙwandalar a kan yatsa ɗaya, ta ƙwanƙwasa ta da zobenta, ta kai kunne.

"Azurhwa ta, ba su cuce ka ba. Amma sabuwa ta."

Na ce, "Sabuwa kamar yaya?"

Sai ta ɗan janye gefen gyalenta. A kitson da ya sauko ta gefen kuncinta akwai su guda huɗu a jere, kowacce da ɗan kunnen da maƙeri ya liƙa mata aka zura zare. Ta juya ɗaya gefen. Uku.

"Waɗanga na innata na, ita ma innarta ta ba ta. Ka ga sun suɗe, matar ko ido ba ta da shi. Taka kuwa ba ta sha kai ba ko na wata ɗaya."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ina da sauran fata ɗaya, wato shekara. Na ce cikin muryar labarai, "Kama ce kawai, Goggo. Abin dubawa shi ne shekarar da aka buga."

Garba ya gyara zama. Ya ce, "Goggo, don Allah kwanto guda."

Ta kwanto. Ya karɓa ya juya bayanta ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabin da bai taɓa yi mini ba.

"Malam, kai ka da ilimi. Mi anka rubuta nan?"

1780 aka rubuta. Ta kwanto ta biyu, 1780. Ta uku ba a ma miƙo mini ba, shugaban makaranta ne ya karanta da ƙarfi, yadda yake karanta sunayen waɗanda suka makara.

Alhaji Bello ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya yi bayani a hankali, yana kallon tabarma don kada mu haɗa ido. Ya ce a wannan shekarar sarauniyar da hotonta ke jiki ta rasu, amma fatake daga ƙasar Larabawa har zuwa nan sun riga sun saba da kuɗin, ba su karɓar wanda ya sauya ko da ɗigo ɗaya. Don haka aka ci gaba da buga shi da hoto ɗaya da shekara ɗaya, ƙarni bayan ƙarni. Duk liyarin da ka gani irin wannan, 1780 ne a jikinsa.

Ya ƙara da cewa, "Malam ya ce kamar jiya aka buga ta. To, ba jiya ba ce. Amma mai yiwuwa na girme ta."

A nan ne rumfar ta fashe. Ni kuma ina tsaye da babbar riga da farar safa a hannu, kamar wanda aka kira ya yi tiyata ya tarar mara lafiyar ya tafi gona. Babu yadda mutum zai cire safar hannu a ɓoye. Yatsa ɗaya-ɗaya ake zare ta, kuma yatsu goma ne. Goggo Dije ta dube ni tana mayar da liyarinta a kitso ta ce, "Hannun naka ciwo shika yi?"

Da jama'a suka watse na shiga ciki, na tarar da Saudatu zaune a bakin murhu tana share hawaye, ba na tausayi ba.

Ta ce, "Malam, abin da ka kulle a akwati ke nan har kana kwana da makulli?"

Na ce, "Ke ma kin san shi?"

Ta kama hannun rigata ta kai ni ɗakina ta nuna mini hoton bikinmu, wanda yake rataye a saman teburin da nake shirya darasi tun da muka tare a gidan. A wuyanta akwai guda biyu. Na aron gwaggonta ne, in ji ta.

Alhaji Bello mutumin kirki ne. Kafin ya tafi ya nemi izinin Goggo Dije ya ɗauki hoton nata bakwai ɗin a tafin hannunta. Washegari ya saka a guruf ya rubuta cewa wannan ne mafi kyawun abin da aka kawo a harafin O, kuɗin Ostiriya da ya zama gadon mata a rugagen ƙasar Sakkwato, kuma a Illela aka nuna masa. Bai faɗi abin da ya faru ba. Bai ma buƙaci faɗa ba, domin Garba ya riga shi, da saƙon murya, har kashi uku.

Sunan Malam Sefa dai ya mutu, a nan na cika alkawari. Yanzu mai shayin bakin tasha Malam Babu-na-biyu yake ce mini. Sunan ya fi na da daɗin ji, matuƙar baƙo ne yake ji.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ce abu babu irinsa a ƙasar nan, ka bari mai nono ta zo ta wuce tukuna, domin akwai tarihin da ba a littafi aka ajiye shi ba, a kitso yake.

Da aka kai harafin R, wani mai gwanjo ya ba ni wata 'yar baƙar ƙwandala mai hoton namiji da ganye a kansa, ya rantse ta daular Rum ce. Na karɓa da sharaɗin zan dawo. Ban rubuta komai a guruf ba, na jira ranar kasuwa na miƙa wa Goggo Dije. Ta juya ta, ta kankare bayanta da farce, ta nuna mini inda aka goge ɗan kunnen zura zare.

Ta ce, "Malam, rigar wa ta rasa maɓalli?"

Ran nan na rubuta a guruf cewa ba ni da na R. Shi ne karo na farko da na faɗi magana a can babu wanda ya gyara mini.