Yadda Za Ka Burge Baban Budurwarka a Tsohon Filin Sukuwa

Ka je gaida baban budurwarka, ka tarar yana goge wani tsohon linzami, sai bakinka ya riga hankalinka: "Ai Baba, ni cikin dawaki na tashi." Alhali ko jaki ba ka taɓa hawa ba. Yanzu ga shi ya gayyace ka filin sukuwa ranar Asabar, ita kuma ta raɗa maka cewa daga can zai yanke ko ya ba ka ita ko ya hana. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbacin kafin la'asar zai kira ka "ɗana". A kaina aka fara gwada su.

1. Yi shigar masana

Ari madubin hangen nesa ka rataya a wuya. Ba sai yana aiki ba, nawa ido ɗaya a fashe yake. Amma kada ka kuskura ka sa farin takalmi, abin da dawaki ke bari a hanya ba ya jin kunyar kowa.

2. Girmama tsufan wurin

Filin nan ya girmi kakanka. Bencina sun tsattsage, agogon saman rumfa ya tsaya tun ba a haife ka ba. Kada ka ce a gyara. Shafa bango, ja dogon numfashi, ka ce, "Allah sarki, jiya ba yau ba." In ƙusa ta yaga maka wando, tarihi ne ya taɓa ka.

A zauren shiga akwai tsofaffin hotuna. Nuna ɗaya ka ce, "Wannan mahayin ya san aiki." Baba zai ce, "Ya sani. Wancan saurayin da ke riƙe masa doki kuwa ni ne. Shekara talatin na yi ina aikin barga a nan." Yi maza ka ce dama ka ga kama.

3. Duba dawaki da idon raini

Kafin tsere ana zagayawa da su a gaban jama'a. Masani ba ya yabo. Girgiza kai kawai ka ce, "Hmm, ƙafar baya." Kowane doki yana da ƙafar baya, babu mai ƙaryata ka.

Sannan zaɓi naka da ƙarfin murya: "Baba, ingarman can baƙi mai lamba shida, shi zai ci."

"Goɗiya ce," in ji shi.

Ka ce rana ce ta kashe maka ido.

4. Yi murna kafin kowa

Wannan matakin ne ke raba gwani da ɗan koyo. Da an sake su, lamba shida za ta fice kamar an biyo ta da wuta. Tana gifta sandar ƙarshe, haye benci, jefa hula sama, rungumi Baba ka ce, "Ban gaya maka ba?"

Daga nan za ka lura kai kaɗai ne a tsaye, kuma dawakin ba su daina gudu ba. Ashe a filin nan babban tsere zagaye biyu ne, haka yake tun kafa shi, ko mai sayar da ruwa ya sani. A zagaye na biyun, lamba shida za ta iso a ƙarshe, tana tafe kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Sauko a hankali, nemo hularka a ƙarƙashin ƙafar mutane, ka ɗora wa mahayi laifi.

5. Shiga barga da ƙarfin hali

Baba zai kai ka wurin tsofaffin abokan aikinsa, ya miƙa maka burushi ya ce ka goge goɗiyar taka. Tunkare ta ta baya, don kada ta ga tsoro a fuskarka. In tsohon na da sauran ƙarfi, zai fizgo ka ta wuyan riga daidai lokacin da kofatonta ya lotsa bokitin da ke inda gwiwarka take.

6. Saurari hukunci

Zai zaunar da kai kan buhun dusa ya ce, "Yaro, tun safe nake jiran ka ce min, 'Baba, ban sani ba.' Da ka faɗa, da na koya maka, da daɗina ma. Dabba ka yi wa ƙarya ta kusa karya ka. 'Yata fa, da ba ta harbi, sai dai ta zauna ta haɗiye?"

Tashi ka karkaɗe dusar da ke wandonka, ka kama hanya. Ni dai a nan na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma san na rasa yarinyar da nake so da gaske.

Gargaɗi

Marubucin nan bai ɗauki alhakin yagaggen wando, karyayyar gwiwa ko fasa aure ba. Wanda ya bi shawarata ya kwana a ciki, shi ya jiyo. Mai ƙorafi ya kai wa mai kemis ɗin layin su yarinyar, wanda bai san gaban doki da bayansa ba, kuma ya faɗi hakan da bakinsa. Shi ke zama kusa da Baba duk Asabar yana tambaya, wata mai zuwa kuma shi zai aure ta.