Ragon Gidan da Ban Saya Ba

Ni da aka haifa a unguwar Jarwal, gani nake ba mai koya mini sayen gida a Makka. Malam Sabo, aminin mahaifina, yana da gida da bashin banki a kansa. Na ce zan ba shi abin da ya riga ya biya, in ɗauki sauran. Muka yi musafaha, aka shafa fatiha.

Matata ta ce, "Abu Hamza, ka bari banki ya amince tukuna." Na ce mata maza sun gama magana. Na saki gidan haya, na yanka rago, surukaina suka ci suka sa albarka.

Ranar Lahadi muka je banki. Ma'aikacin ya daɗe yana duban takardar albashina, ni ina duban bakinsa, gumi na bin bayana duk da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

"Ya ammi, kawuna, saura shekara huɗu ka yi ritaya. Bashin nan saura sha takwas. Ba zai yiwu ba."

Malam Sabo ya miƙo hannu a hankali, na zuba masa makullansa.

Yanzu a gidan surukina muke raɓe. Duk ranar da aka kawo nama sai ya dube ni ya ce, "Wannan kuma na wane gidan ne?"