Yadda Za Ki Koyar da Rawa Ba Ki Ɗaga Ƙafa Ba

Ke malamar lekol, wato makarantar boko, da aka ɗora wa koyar da rawa alhali ƙafarki ba ta taɓa jituwa da kiɗa ba, share hawayenki. Ga matakai shida, in kika bi su ko sufeton makarantu ba zai gano ki ba, na ɗauki alkawari. Ba ji na yi ba, gani na yi. Madam Léontine ta lekol ɗin 'yan mata da ke Poumpoumré, nan Garoua, ita ta gwada su a shekarar saba'in da huɗu, kuma ta fita kunya.

1. Ki ce to tun ba ki yi tunani ba

Saura wata guda bikin matasa na sha ɗaya ga Fabrairu, direkta, shugaban lekol ɗin, ya kira Léontine ofis ya ce ita za ta shirya rawar lekol. Hujjarsa ɗaya ce: 'yar dutse ce, su kuwa mutanen dutse ai da rawa ake haifarsu. Bai san tun tana shekara biyar a gidan mishan ta tashi ba, inda abin da ya fi kama da rawa shi ne durƙusawa da miƙewa a coci. Kunya ta hana ta faɗa. Ta ce to, ta fito, alhali ba abin da take tsoro kamar Garoua ta taru ta yi mata dariya a fili.

2. Ki nemi kujera da littafi

Wanzami ba ya son jarfa, babbar malama kuma ba ta gumi. Ki sa a ajiye miki kujera a inuwar darbejiya, ki ɗora littafi a cinya, ki gyara tabarau. Ki samo makaɗi na gaske. Léontine ta samo Baba Hassan, mai yi wa mahautan kasuwa kalangu, dattijon da bakinsa bai cika magana ba amma idonsa ba ya barci.

Gargaɗi: ki tsare ƙafarki. Ranar farko Léontine ta shagala, ƙafar ta shiga bugun ƙasa a ƙarƙashin kujera, kalangu ya yi gabas ita ta yi yamma. Ta yi maza ta janye ta, ta duba hagu da dama, ta gode Allah ba wanda ya gani.

3. Duk tambayar da aka yi miki, ki mayar wa mai ita

Nan ne zuciyar sana'ar. Halime, 'yar wani attajirin goro, yarinya mai baki kamar reza, ta ce Madam ta tashi ta nuna musu yadda za su shiga fili. Léontine ta yi tagumi, ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Ke a ganinki yaya ya kamata a shiga?"

Halime ta nuna. Léontine ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba, sai ta tambaye ta me ya sa ta fara da ƙafar hagu. Tunda yarinya take rawa ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ki tanadi irinsu da yawa: me hannun nan yake faɗa, wa kike yi wa wannan juyin, in aka cire shi me za a rasa. In sun ƙare miki, ki ɗaga biro ki ce "Réfléchissez," wato ku yi tunani. Duk maganar da aka faɗa da Faransanci nauyinta ninki biyu ne.

4. In sun yi gardama, ki yi rubutu

A sati na biyu rigima ta tashi. Halime tana son rawar kafaɗa da tafi irin ta bikin unguwarsu, Berthe kuwa, 'yar dutse ta ainihi, tana son tsalle da dirka ƙafa har ƙasa ta amsa. Suka ce Madam ta raba gardama. Madam da ba ta san wacce ta fi ba ta ce rabi su zauna su kalli rabi, kowa ta faɗi abin da ta gani. Ba hikima ba ce, neman sararin numfashi ne.

Sai abu ya zo da mamaki. Da Berthe ta zauna ta ga ana yin tsallenta, da bakinta ta ce ya yi tsawo, mai kallo zai gaji kafin mai yi. Halime ma ta yarda cewa wani murza hannu da take taƙama da shi a gidan biki ta tsinto shi, ba ta san abin da yake nufi ba. Suka yanke, suka haɗa, suka sake yankewa. A kwanakin farko cefanen gida Léontine take rubutawa a littafin. Ba ta san ranar da ta koma rubuta maganganun yaran ba, kuma ta fara ƙosawa la'asar ta yi.

5. Kada ki amince da shirun yara

Saura kwana biyar biki Léontine ta tambayi yaran me rawar ta rasa. Suka kalli juna, suka ce akwai, amma za su gyara da kansu. Daga ranar sai ƙus-ƙus da Baba Hassan. Shi kuma duk sanda ta ratsa tsakar lekol da littafi a hammata, sai ya bi ta da ido yana taɓa fatar kalangu da yatsa. Ta ɗauka halin tsufa ne.

6. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Abin da gidan mishan bai koya mata ba shi ne, in makaɗi ya kaɗa takenka a bainar jama'a, dole ka fito, ƙin fita cin fuska ne. Yara sun gama rawa, fili ya ɗauki tafi, Léontine har ta fara ajiyar zuciya, sai kalangu ya sauya murya yana kiran Madam mai littafi. Direkta ya washe baki ya ce 'yar dutse ta fita ta nuna wa sufeto. Ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Halime ta zo ta kama hannunta, ta ce a hankali, "Madam, kada ki yi rawa. Ki yi tafiyarki ta zuwa aji kawai."

Ta yi tafiyarta: dogon taku, gajere, ta tsaya ta gyara tabarau. Kalangu ya faɗa daidai kan kowane taku. Da ta waiwaya, 'yan mata ashirin ne a bayanta, dogon taku, gajere, kowa ta gyara tabaran da ba ta da shi. Mata suka rangaɗa guɗa, sufeto ya miƙe tsaye. Tunda aka haife ta, ran nan ne ƙafarta da kiɗa suka fara shiri.

Bayan an watse ta tambaye su tun yaushe suka sani. Berthe ta ce, "Tun ranar farko, Madam, ƙafarki ce ta faɗa mana. Kin ce mu duba abin da rawar ta rasa, muka duba, ke ce ba kya ciki." Léontine ta buɗe baki za ta mayar da tambaya kamar kullum, ta rasa ko ɗaya, sai hawaye.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. In ɗalibanki ba su da zuciyar Halime da Berthe, ko makaɗinki mai surutu ne, kada ki nemo ni. In abin ya yi kyau fiye da kima ma, ke kika jiyo. Sati uku bayan bikin takarda ta zo daga sufeto, ana son Madam Léontine ta je Maroua ta koya wa malaman lekol rawa. Ta ce to, ta sa aka ɗaure mata kujerar a saman mota.